Wanda Ya Ɗora Tubalin

Ranar da za a shiga gaban alƙali, tun hantsi bai ɗaga ba Inna ta aika a kira mata ɗanta Salmanu. Ya same ta a ɗakinta kan buzu, carbi a hannu, yayansa Malam Mahmudu yana gefe ya sunkuyar da kai kamar wanda aka yi wa rasuwa. Rasuwar dai an yi ta, amma ba a gidan ba. Kulu ce, matar maƙwabcinsu Ɗantsoho, wadda katangar sabon ɗakin ajiyar Malam Mahmudu ta rufta wa tana wucewa da tulu a ka.

Salmanu ne ya gina katangar, wannan kowa a Tudun Wada ya sani. Abin da ba a sani ba shi ne yadda aka yi magini kamarsa ya ɗora ɗanyen tubali a tsakiyar marka, har ginin ya tsallake turakun da Nasara suka kafa a bakin layi. Shi ya ce a bari sai rani. Yayansa ya ce kaka na tafe, gyaɗa ba ta da wurin zama, jirgin ƙasa kuma ba zai tsaya jiran tubali ya bushe ba. Da ya yi maganar turaku, Malam Mahmudu da hannunsa ya tumɓuke su ya matsar gaba, ya ce wa zai zo ya auna. Da Salmanu ya tsaya kan bakansa, aka kawo ƙararsa ɗakin nan, Inna ta ce ya yi wa yayansa biyayya. Ya yi.

"Zauna," in ji Inna. "Yau za a yi maka tambaya. Abin da aka tambaye ka shi za ka amsa, kada ka ƙara komai a kai."

"Inna, in aka tambaye ni wa ya sa ni fa?"

Ba ta dube shi ba. "Bakuna nawa ke ci a gidan nan? Duk daga hannun yayanka. In aka ɗaure shi, Turawan kanti suka janye, ni da matanku da 'ya'yanku ina za mu sa kanmu? Kai kuwa in ka shiga, akwai mai riƙe maka gida."

Malam Mahmudu ya ɗago, idanunsa sun yi ja. "Salmanu, wallahi ba zan manta ba. Iyalinka iyalina ne. Da maganar ta yi sanyi, ni da ƙafata zan je in faɗi yadda aka yi."

A gaban alƙali abin bai ɗauki lokaci ba. Dokar da aka zo da ita a shekarun nan ta ce duk ginin da ya fuskanci layi sai an ambaci sunan magininsa, in ya wuce turke ko ya faɗi, shi za a kama. Aka tambayi Malam Mahmudu, ya ce, "Allah gafarta malam, ni ɗan kasuwa ne. Na ba mai sana'a aikinsa." Aka juyo kan Salmanu.

"Wa ya ɗora tubalin?"

"Ni ne."

"Akwai wanda ya tilasta ka?"

Ya hangi Ɗantsoho a zaune can baya, ya rame cikin 'yan kwanakin nan, ga kuma yayansa yana murza bakin rawani. Ya ce, "Babu."

Ɗantsoho ya ce shi ya bar wa Allah. Hukuma ba ta bari ba. Aka yanke wa Salmanu zaman gidan yari, aka kuma hana shi gini, ko babba ko ƙarami, a Tudun Wada da kewayenta, tare da gargaɗin cewa duk wanda ya sa shi aikin gini shi ma zai gurfana.

Sai da wata daminar ta zo ta wuce sannan ya fito. Ya tarar da ɗakin ajiyar tsaye, wani magini daga cikin birni ya sake shi, wannan karon a bayan turaku, da busasshen tubali, an shafe shi da makuba yana ƙyalli. Ya shiga gida ya nufi sashensa, ya ga buhunan gyaɗa har bakin ƙofa. Matarsa Lauratu ta fito daga wajen murhu tana goge hannu a zane, ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi masa jagora zuwa can ƙarshen gida, kusa da turken awaki, inda wani tsohon soro yake da a da ake zuba ƙaiƙayi.

"Nan muke yanzu, Malam. Yaya ya ce na ɗan lokaci ne, kafin a kwashe kaya."

Ya ɗaga kai ya dubi rufin. Azara ta lanƙwashe, ƙasar ta tsage. Ya lura hannuwan Lauratu sun yi kanta, domin tun tafiyarsa dakan gidan gaba ɗaya ya koma kanta. Ba wanda ya ce mata ta yi. Kullum dai in an kawo musu ƙwaryar tuwo sai an haɗa da ambaton yadda hatsi ya yi wuya bana, ita kuwa ta gane.

Ya fita neman abin yi. Tsoffin abokan sana'arsa suka yi masa barka da arziki, suka riƙe hannunsa, amma da ya yi zancen ko kwaɓa ƙasa ce a ba shi, kowa ya kau da kai. Ya taka har Gyallesu, wani mai gida ya ɗauke shi gyaran katanga, kafin azahar labari ya iske mai gidan, ya fito ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, ina da iyali." A kasuwa yakan ji ana nuna shi da baki, ga wanda gininsa ya kashe matar mutane. Ya gwada yankan ciyawa, ya gwada dako a tasha, amma ƙirjinsa da ya ɗauko tari a gidan yari bai bar shi ya daɗe ba.

Ran nan bayan la'asar ya sami yayansa shi kaɗai a zaure.

"Yaya, maganar nan da ka ce in ta yi sanyi."

"Ina sane, ina sane. Amma ka ga yanzu ne Baturen kanti ya fara yarda da ni. In na je na tono wannan, me zai ɗauke ni? Ka bari a gama cinikin bana."

Aka gama cinikin bana. Ya koma. Malam Mahmudu ya ce an canja alƙali, sabon bai san zancen ba, kai masa shi kamar tayar da fitinar da ta kwanta ne. Ya sake komawa bayan salla. Wannan karon yayan ya ɗaure fuska.

"Wai kai me ka rasa ne? Ci ko sha? Ka san mutum nawa ke yawo a garin nan ba su da inda za su kwana? Kuma tsakani da Allah, ni na ɗora tubalin? Kai ne masani. Da ka ƙi, da ɗaure ka zan yi?"

Salmanu ya tsaya yana dubansa. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne ya ga yayan ba ƙarya yake yi masa ba. Ya faɗi maganar a zuciyarsa sau da yawa har ta zauna masa.

Ya kai kuka wurin Inna. Ta ce, "Ƙaddara ce, Salmanu. Abin da aka rubuta wa bawa ba ya wuce shi. Kada ka bari Shaiɗan ya shiga tsakaninka da ɗan'uwanka."

Duk da haka ba a bar hannunsa ya huta ba. Dokar ta tsaya a ƙofar zaure, ba ta shigo cikin gida. In katangar bayi ta zaizaye, Salmanu. In indararo ya toshe, Salmanu. Da Malam Mahmudu ya so a yi masa sabuwar turaka mai ɗaurin guga, wato rufin baka, irin na manyan birni, ya kira shi gefe ya ce, "Ai wannan ba gini ba ne, taimakon gida ne. Wa zai gani?" Salmanu ya yi. Wani ɓangaren don tuwon da ake kawo musu, wani ɓangaren kuma, shi kansa ya sani, don hannunsa na ƙaiƙayin ƙasa. Ya tanƙwara azara, ya haɗa bakan ɗakin ya zauna daram. Da baƙi suka shigo suna yabawa, suna tambayar wane gwani ne, Malam Mahmudu ya ce wani ne ya ɗauko daga Kano, ya riga ya koma. Salmanu na tsakar gida yana wanke ƙafa, yana ji.

Soronsu kuwa yana nan yadda yake. Duk lokacin da ya ce a ba shi 'yar azara ya canja ruɓaɓɓun, sai a ce a bari a gama wannan tukuna.

Da bazara ta kama, hadari ya fara haɗowa ta gabas, aka ce ya hau ya yi wa rufin sabuwar turakar yaɓe kafin ruwan fari. Tari ya hana shi sakat kwanakin nan, ya ce a ɗan jinkirta. Aka ce ruwa ba ya jinkiri. Ya hau. Rana ta take, ya miƙe zai karɓi kwandon ƙasa, jiri ya ɗebe shi, ƙafarsa ta zame daga kan tsani. Ya faɗo a kan ƙugunsa, bisa turmin da ke kife a ƙasa.

Lauratu ta yi salati ta saki taɓarya. Mata suka fito. Malam Mahmudu ya shigo da sauri, ya dubi ƙaninsa a ƙasa, ya dubi tsanin, ya dubi tulin kwaɓaɓɓiyar ƙasa, sannan ya ce a rufe ƙofar gida.

"Yaya, a kira maɗori," in ji Lauratu.

"Za a kira. Amma duba-gari na zagaye a unguwar nan yau. In aka shigo aka ga wannan, aka ji daga ina ya faɗo, ni za a kama, shi kuma a mayar da shi inda ya fito. Kina son a mayar da shi?"

Aka ɗauke shi a tabarma aka kai soron awaki. Aka kwantar da tsani a bayan rumbu, aka kwashe ƙasar aka share wurin. Washegari aka ce mutane ba su gama kai da kawowa ba. Wanshekare aka ce Juma'a ce. Kafin a kawo maɗorin, ƙugun ya kumbura ya yi baƙi, Salmanu ya daina ihu ya koma nishi. Aka gaya wa maɗori jaki ne ya kayar da shi a hanyar Dutsen Abba. Tsohon ya lalluba, ya girgiza kai, ya ce ko ma mene ne ya kayar da shi, an makara. Ya ɗaura abin da zai iya ɗaurawa ya tafi.

Ƙashin ya haɗe a karkace. Salmanu bai ƙara tsayawa da ƙafafunsa ba, sai jan gindi daga shimfiɗa zuwa bakin ƙofa. Lauratu ke ɗaga shi, ita ke kwantar da shi, ita ke fitar da abin da ya kamata a fitar, sannan ta koma turmi. Inna ta leƙo sau ɗaya da ƙoƙon rubutu, ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce Allah ya sa kaffara ce. Malam Mahmudu yakan aiko da goro ranar Juma'a.

Bangon soron ɗaya ne da na lungun da ke bi ta bayan zaure, don haka in an yi sallar la'asar dattawa sun zauna, iska takan kawo masa hirarsu. A nan ya ji limamin unguwa yana cewa, "Malam Mahmudu, Allah ya saka maka. Wani ne da tuni ya sallame shi. Ya jawo maka abin kunya, ya dawo ka karɓe shi, yanzu ga jinya. Irinku ake nema a zumunci." Ya ji yayansa ya yi ajiyar zuciya ya ce, "To ya za a yi, Allah gafarta malam? Jini ne."

Salmanu ya juya fuskarsa bango. Ba fushi ya ji ba, fushin ya ƙare tun tuni. Gajiya ce kawai, irin wadda barci ba ya maganinta.

Ruwa ya sauka sosai a shekarar. Rufin ya fara ɗiga ta kusurwa, Lauratu ta tara ƙwarya. Ya koma ɗiga ta tsakiya, ta ja shimfiɗarsa gefe. Daga baya babu gefen da za a ja shi. Ƙasa ta riƙa faɗowa gutsure-gutsure a kan bargonsa, tarin ya dawo da ƙarfinsa. Lauratu ta sami Malam Mahmudu a tsakar gida ta durƙusa.

"Yaya, ɗakin nan zai faɗo a kan ƙaninka."

"Na gani. Amma in na kawo magini yanzu, zai shigo ya ga turakar can, masu sana'a kuwa sun san hannun juna. Sai magana ta fita. Ki ƙara haƙuri, rani na zuwa."

"To a kwashe buhunan da ke sashenmu mu koma."

"Kayan mutane ne, Lauratu. Amana ce. In ruwa ya taɓa su fa?"

Ta daɗe a durƙushe bayan ya wuce.

Da safe, bayan ruwan da aka kwana ana yi, rana ta ɗan leƙo. Salmanu ya ji motsi a ƙofa, ya ja jiki ya leƙa. Lauratu ce ta haƙo jar ƙasa daga bayan turke, ta zuba ruwa da tattakar ciyawa, ta tattare zane zuwa gwiwa tana takawa.

"Me kike yi?"

"Abin da ka gani. Gaya mini in ta yi."

"Lauratu, mace ba ta hawa soro. Za ki leƙa gidajen mutane."

"Su ma su leƙo namu. Ta yi ko da saura?"

Ya ce ta miƙo masa. Ya murza ƙasar a tafin hannu, ya ce ta ƙara ciyawa. Ta ƙara. Ta je bayan rumbu ta jawo tsani ita kaɗai, ta jingina, ta ɗora kwando a ka ta hau. Daga ƙasa yana gaya mata inda za ta taka, ta bi gefen bango kada ta hau tsakiya, ta fara cika tsagar kafin ta shafe.

Daga kan soron ana ganin unguwa, unguwa kuma na ganin mai kai. Matar gidan da ke gabas ta tsaya da shanya a hannu. Wata ta kira wata. Masu wucewa a lungu suka ɗaga kai. Kafin a jima Malam Mahmudu ya shigo, babbar riga na jan ƙasa, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Sauko! Kin haukace ne? Mutane na kallo, za su yi tambaya."

"Su yi, Yaya." Ba ta daina shafa ƙasar ba. "Ni alƙali bai hana ni gini ba. Inna kuma ba ni ta kira ɗaki ta ce in yi shiru ba."

Ta bayan katanga wata tsohuwa ta ɗaga murya. "Lauratu, lafiya? Ina mazan gidan da za ki hau soro?"

Lauratu ta miƙe tsaye, hannuwanta jajir da ƙasa har gwiwar hannu, ta amsa da muryar da har lungu an ji.

"Ɗaya na ƙasa, Iya, ƙugunsa a karye. Ba jaki ne ya kayar da shi ba. Daga kan waccan turakar ya faɗo, wadda aka ce muku ɗan Kano ya gina. Ɗayan kuma ga shi nan tsaye, shi ne ya matsar da turakun Nasara da hannunsa, ya ce a ɗora ɗanyen tubali a marka. Ku tambaye shi, yana jinku."

A cikin masu tsaye a lungu har da Ɗantsoho, da igiyar akuya a hannu. Ya daɗe yana duban soron, sannan ya ja akuyarsa ya wuce. Malam Mahmudu ya juya ya shige turakarsa. Daga ɗakin Inna aka ji an saki labule.

Maganar mace daga kan soro ba shaida ba ce a gaban alƙali, kuma ba wanda ya kai ta can. Hukuncin yana nan yadda aka yanke shi. Liman bai fasa zama a zauren ba, sai dai ya daina zancen zumunci. Ranar ba a aiko musu da tuwo ba, washegari ma haka, sai tsohuwar nan ta bayan katanga ce ta miƙo ƙwaryar fura ta sama.

Da la'asar hadari ya sake haɗowa. Lauratu ta shigo ta zauna kusa da shi, ƙasa ta bushe a hannunta ta tsattsage. Suna jin saukar ruwan a kan rufi. Ya ɗiga ta kusurwa ɗaya, sauran ya riƙe.

"Kin bar wuri a can gefen," in ji Salmanu.

"Na sani, Malam. Hannuna ne ya gaji. Gobe in Allah ya kai mu sai in koma."